Geoarbitrage: daga ina Turawa suka samo wannan kalma ta gudun tsada? Tambayoyi da amsoshi

Wannan kalma ta fara yawo a bakin yaranmu masu aikin kwamfuta, musamman waɗanda ake biya da dala, kuma duk wanda ya ji ta karon farko sai ya ɗauka sunan wani magani ne na hawan jini. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kanta, wasu a majalisa wasu a waya, na jero su yadda suka zo.

Wai mene ne ma geoarbitrage ɗin nan?

Ka riƙa samun kuɗi irin na inda rayuwa take da tsada, amma ka je ka zauna ka kashe su a inda rayuwa take da araha. Shikenan fa. Mutum yana yi wa kamfanin New York aiki ta intanet, albashinsa na New York ne, amma shi yana kwance a wani gari a Tailan ko Meziko inda kuɗin hayar wata ɗaya ta New York zai biya masa watanni. Ratar da ke tsakanin abin da yake samu da abin da yake kashewa ita ce ribarsa, ita yake tarawa.

Yaya ake furta ta?

Jiyo-abitiraj, a ja ƙarshen kaɗan. Ƙarshen nata irin na kalmar da muka mayar gareji ne, duk daga Faransanci Turawan Ingila suka aro su, saboda haka da mu ne muka ɗauko ta tun da daɗewa inaga abitireji za mu ce.

Toh daga ina ta fito?

Kalmomi biyu aka liƙa. Geo ɗin daga Girkanci yake, ma'anarsa ƙasa, shi ne dai wanda yake gaban sunan darasin labarin ƙasa da muka yi a makaranta. Wannan ba wani dogon labari a kansa.

Arbitrage ɗin ne mai tarihi. Asalinsa kalmar Latin ce, arbiter, wato mai shiga tsakani, wanda mutum biyu da suke jayayya za su kai masa maganarsu ya raba gardama. Faransanci ya gaje ta, kuma har gobe a Faransanci kalmar tana nufin alƙalanci ko sasanci. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba sai an yi musu bayani ba, in ana kallon ƙwallo mai busa usur ɗin nan arbitre suke jin ana ce masa, aikinsa kuma arbitrage. Kalma ɗaya ce sak da wadda 'yan banki suke taƙama da ita.

Ikon Allah, ta yaya alƙalanci ya koma maganar kasuwa?

Ta hannun 'yan canji. A Turai ta da, ɗan kasuwan da yake son tura kuɗi daga Paris zuwa Landan ba ya ɗaukar buhun zinariya ya hau jirgin ruwa, takardar canji yake saya wadda za a biya a can. Toh farashin waɗannan takardu ya bambanta daga gari zuwa gari, wani lokaci in ka bi ta Amstadam ko Hambog kafin ka isa Landan sai ka fi samun sauƙi akan ka tafi kai tsaye. Sai mutum ya zauna da alƙalami ya jera farashin garuruwan ya auna su, ya yanke hukuncin wace hanya ta fi. Wannan yanke hukunci shi ne alƙalancin. Wani Bafaranshe mai suna Mathieu de la Porte ya bayyana kalmar da wannan ma'ana a littafinsa na koyar da 'yan kasuwa da masu riƙe littafin lissafi a shekarar 1704. A ƙarni na 19 ta zauna daram a Turancin 'yan kasuwar hannun jari, ma'anarta kuma ta ƙara kaifi, ta koma sayen abu a kasuwar da yake araha da sayar da shi nan take a kasuwar da yake da tsada.

Ka riƙe kalmar nan take ɗin nan, za mu dawo kanta.

Ba ni misalin da na sani, ba na Amstadam ba.

Ai mu mun ga na gani da ido. Kafin watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a hannun 'yan canji na Wapa ko Zone 4 kuma ta haura 700. Duk wanda yake da hanyar da zai samu ta gwamnati, ya tsallaka titi ya sayar, ya ci ratar ba tare da ya yi gumi ba, wannan shi ne arbitrage tsantsarsa, kuma shi ya sa aka yi ta rigima a kan farashi biyun nan.

Na biyu fetur. Lokacin da ake biyan tallafi, kafin a cire shi ranar 29 ga Mayun 2023, litar mai a Najeriya ba ta kai naira 200 ba a gidan man gwamnati, a ƙetaren iyaka kuwa ta ninka, shi ya sa jarkoki suke ta bin hanyoyin daji zuwa Nijar, 'yan ruwa-ruwa suna jera kwalabe a bakin titi. Man bai canza ba, wuri ne kawai ya canza.

Shi kuwa mai ɗaukar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Mile 12 a Legas, wannan fatauci ne, don kafin ya isa mota na iya lalacewa, tumatir ya ruɓe, ko ya tarar kasuwa ta cika. Ɗan banki ba zai kira wannan arbitrage ba, saboda akwai kasada.

Wa ya fara liƙa mata geo ɗin?

A farkon shekarun 2000 ne kalmar ta fara fita daga ɗakin 'yan banki. Lokacin kamfanonin Amurka suna ta kwashe ayyuka suna kaiwa Indiya da Sin, masana'antu da ofisoshin amsa waya da rubuta manhaja, don can ma'aikaci ya fi araha. Stephen Roach, wanda shi ne babban masanin tattalin arziki na bankin Morgan Stanley a lokacin, ya yi ta kiran wannan abu global labor arbitrage, wato cin ratar kuɗin ƙwadago tsakanin ƙasashe. Ka ga a nan kamfani ne yake ci, ma'aikaci shi ake ci.

Sai Rich Karlgaard, mawallafin mujallar Forbes, ya juya abin. A 2004 ya fitar da littafi mai suna Life 2.0, bayan ya tuƙa ɗan ƙaramin jirgin sama da kansa ya zazzaga Amurka yana hira da mutanen da suka gudu daga manyan biranen bakin teku irin su New York da yankin San Faransisko suka koma ƙananan garuruwa na cikin ƙasa. Lokacin kasuwar kamfanonin intanet ta fashe, ga harin 11 ga Satumba bai daɗe da faruwa ba, kuɗin gida a biranen nan kuma ya haukace. Shi doguwar sigar ya yi amfani da ita, geographic arbitrage, kuma maganarsa duk a cikin Amurka take, ka bar gari mai tsada ka koma mai sauƙi amma kar ka saki kwastomominka na birni.

Gajeriyar sigar, geoarbitrage, Tim Ferriss ne ya yayata ta a littafinsa The 4-Hour Workweek da ya fito a 2007, littafin da ya yi kasuwa sosai aka fassara shi zuwa harsuna da dama. Shi ya fitar da abin waje da iyakar Amurka. Dabararsa ƙafa uku gare ta kamar murhu, ka samu kuɗi da dala, ka yi rayuwa da feso, kuɗin Ajantina, ka biya masu yi maka aiki da rufi, kuɗin Indiya. Wato kwastoma Ba'amurke, kai kana zaune a Ajantina, mai amsa maka wasiƙu yana Indiya. Shi kansa ya zauna a Buenos Aires yana koyon rawar tango yayin da kamfaninsa na sayar da ƙwayoyin ƙarin kuzari yake tafiya ta intanet.

Abin da nake so ka lura da shi, ƙafa ta ukun nan, ta rufi, ita mutane suke tsallakewa in suna ba da labarin. Tun ranar farko a cikin lissafin akwai wani can ƙasa da ake biya kaɗan.

Kenan kafin 2007 ba a yin haka?

Haba, suna ne sabo, ɗabi'ar tsohuwa ce tukuf. A ƙarni na 19 manyan mutanen Ingila da aljihu ya yi wa rauni ko bashi ya yi wa katutu, tsallaka ruwa suke yi su koma Calais ko Boulogne a Faransa, inda ɗan abin da ya rage zai riƙe su kuma masu bin bashi ba za su kai su kurkuku ba. Beau Brummell, wanda duk Landan take kwaikwayon sa tufafinsa, haka ya sulale zuwa Calais a 1816.

Bayan yaƙin duniya na ɗaya kuɗin Faransa ya faɗi, sai marubuta da masu zane na Amurka suka cika Paris. Ernest Hemingway yana matashin ɗan jarida ya rubuta wa jaridar Toronto Star a 1922 cewa da dala dubu ɗaya a shekara mutum zai zauna a Paris cikin jin daɗi. Mutane suna ɗauka ilhama kawai ta kai su can, wlh har da canji.

Haka 'yan fansho na Amurka da Kanada sun daɗe suna tarewa a bakin tafkin Chapala a Meziko, Turawan Ingila kuma a gaɓar tekun Sifen. Panama har biza ta musamman ta ware wa duk mai fanshon da ya kai dala 1,000 a wata. Abin da intanet ta ƙara shi ne yanzu ba sai ka tsufa ko ka gaji dukiya ba, kana tsakiyar aiki ma sai ka tashi.

Ita da digital nomad ba abu ɗaya bane?

A'a, amma 'yan gida ɗaya ne. Digital nomad makiyayi ne na kwamfuta, ba ya zama wuri ɗaya, wata uku a Chiang Mai ta Tailan, wata biyu a Bali ta Indunusiya, daga nan Lisbon ta Fotugal ko Medellín ta Kolombiya. Sunan ya samu gindin zama ne daga wani littafi na 1997 da Tsugio Makimoto da David Manners suka rubuta, tun kafin yawancinmu mu taɓa ganin wayar salula. Shi wannan salon rayuwa ne. Geoarbitrage kuwa lissafi ne, kana iya yinsa ka zauna gari ɗaya shekara ashirin ba ka motsa ba.

Waɗanda suka fi riƙe kalmar da gaske su ne 'yan FIRE, masu burin tara kuɗi su ajiye aiki tun suna da sauran ƙarfi. Suna da ƙa'idar da suka ɗauko daga binciken wani mai ba da shawarar kuɗi, William Bengen, na 1994, cewa in kana cire kashi 4 cikin 100 na abin da ka zuba a jari duk shekara, kuɗin zai riƙe ka wajen shekara 30. Juya lissafin, kana buƙatar ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara. Mai kashe dala 40,000 sai ya tara miliyan ɗaya. In ya koma inda 20,000 za ta ishe shi, rabin miliyan kawai yake nema, ka ga da tikitin jirgi ɗaya ya yanke shekarun bautarsa. Wannan lissafin ne ya sa kalmar ta ƙi mutuwa.

Me ya sa ma abu yake araha a wata ƙasa ya yi tsada a wata? Ba canji ne kawai ba?

Ba canji kaɗai bane. Ɗauki waya da aski. Wayar iPhone kusan kuɗinta ɗaya ne a Dubai da Kano da Landan in ka cire haraji da kuɗin kwastan, domin da ta yi araha sosai a wani wuri da 'yan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano sun kwashe ta tas sun kai inda take tsada har farashin ya daidaita. Amma aski fa? Ba wanda zai sa askin wanzami a kwantena ya tura Landan. Haka hayar ɗaki, haka kuɗin mai wanki da guga, haka kwanon tuwo a gidan abinci, haka ganin likita. Waɗannan farashinsu yana bin albashin mutanen garin ne, in albashi ƙasa yake su ma ƙasa suke. Masana biyu, Bela Balassa da Paul Samuelson, kowa da kansa ya yi bayanin wannan a 1964, har ake kiran abin da sunansu. Mujallar The Economist ma tun 1986 take wani awo na raha da farashin burodin nama na Big Mac a ƙasashe daban daban don nuna yadda dala ɗaya ba ƙarfi ɗaya take da shi a ko'ina ba.

Saboda haka in aka ce gari yana da araha, fassararsa ita ce mutanen garin ba sa samun kuɗi da yawa. Arahar da baƙo yake yabawa albashin ɗan gari ce. Kuma shi ya sa wanda rayuwarsa ta dogara da kayan waje, mota da waya da madarar gwangwani da makarantar Turawa ta yara, in ya tashi sai ya ga sauƙin bai kai yadda aka zuzuta masa ba.

Ka ce in riƙe kalmar nan take. Mene ne?

Yawwa. A wajen 'yan banki arbitrage na gaske sharaɗinsa biyu, a saya a sayar a lokaci guda, kuma babu kasada. Toh ina rashin kasada a mutum ya kwashe iyali ya koma ƙasar da ba ya jin yarenta? Canji zai iya juya masa baya. Biza za ta iya ƙarewa a ƙi sabuntawa. Haraji yana nan, ƙasashe da yawa in ka kwana 183 a cikinsu a shekara sun ɗauke ka mai biyan haraji, Ba'amurke kuwa ko a duniyar wata yake zaune sai ya cika wa gwamnatinsa takardar haraji don su da ɗan ƙasa suke bi ba da mazauni ba. Ga ciwo, ga kewar gida, ga mahaifiya ta kwanta asibiti kai kana tafiyar awa ashirin.

Sannan shi mai biyan albashin ba wawa bane. A watan Mayun 2020 Mark Zuckerberg ya gaya wa ma'aikatan Facebook cewa za su iya komawa aiki daga nesa, amma wanda ya tashi zuwa gari mai araha za a daidaita albashinsa da garin. Google ma ta bi wannan hanya. Kamfani ya ce ratar nan ai tawa ce ba taka ba.

Ni a ganina kalmar kwalliya ce kawai. In ka ce na gudu ne saboda haya ta fi ƙarfina, sai a tausaya maka. In ka ce ina geoarbitrage, sai a ɗauka kai wani gwanin lissafi ne. Babbar riga ce aka sa wa gudun tsada.

Me ya sa ta yi tashe bayan korona?

Don a 2020 an rufe ofisoshi an ce kowa ya yi aiki daga gida, sai miliyoyin mutane suka gane gidan ba dole sai yana kusa da ofis ba. Ƙasashen da masu yawon buɗe ido suka ƙaurace wa su kuma suka buɗe ƙofa. Barbados ta fito da bizar shekara ɗaya a watan Yulin 2020, Estoniya ta biyo a Agusta, Fotugal ta kawo tata a Oktoban 2022, yanzu ƙasashe masu irin wannan biza sun kai gomomi. A cikin Amurka ma a garin Tulsa na jihar Oklahoma akwai wani shiri da tun 2018 yake ba mai aiki daga nesa dala 10,000 in ya yarda ya tare ya shekara.

Su 'yan garin da ake tarewa a cikinsu, murna suke?

Mai gidan haya yana murna, mai shagon kofi yana murna. Ɗan haya kuwa kuka yake. Dalili a fili yake, in mutum ɗari masu albashin dala suka sauka a unguwa ɗaya, mai gida ba zai sake kallon malamin makarantar da ya shekara goma yana biyansa da feso ba. Lisbon ta ɗanɗana, haya ta gudu ta bar albashin 'yan ƙasa a baya, har gwamnatin Fotugal a 2023 ta cire sayen gida daga hanyoyin samun bizar masu kuɗi. A birnin Meziko ranar 4 ga Yulin 2025 mutane suka fito zanga-zanga a unguwannin Condesa da Roma, inda baƙin suka fi yawa, ana ɗaga kwalaye ana cewa su koma gida, har aka farfasa gilasan wasu shaguna.

Akwai wani abu da ya faru a Bali a watan Janairun 2021 da ba na mantawa. Wata Ba'amurkiya ta hau Twitter tana ba da labarin yadda take zaune a gida mai kyau da ɗan kuɗin da ko ɗaki ɗaya ba zai kama mata a garinsu ba, tana kiran mutane su taho, har tana sayar da ɗan littafin yadda za a shigo, alhali ana tsakiyar korona an rufe iyaka. 'Yan Indunusiya suka yi mata ca, cikin 'yan kwanaki hukumar shige da fice ta sa ta a jirgi. Ita a ranta shawara take bayarwa ta alheri.

Kuma a nan abin ya cinye kansa, don duk arbitrage in mutane suka yi masa yawa ratar rufewa take. Garin da aka yi ta yabo da araha, yabon ne yake kashe arahar.

Malam tsaya, wannan ba cin rani bane kawai?

Ka kusa. Ɗan cin rani yana gama girbi ya ɗaure ƙullinsa ya nufi Kano ko Legas ko kurmi, ya yi ga-ruwa ko dako ko gadi ko yankan farce, ya ƙuntata wa kansa a can, in damina ta kawo kai ya dawo ƙauye da kuɗin birni inda suke da auki. Ga riba ta biyu, duk watannin nan bakinsa bai taɓa hatsin rumbu ba. Lissafin ɗaya ne, a samo a inda ake biya da tsoka a kashe a inda abu yake da sauƙi.

Bambancin shi ne wa yake tafiya. A cin rani jikinka ne yake zuwa inda kuɗin yake, ka kwana a tasha ko a kangon gini. A geoarbitrage jikinka yana inda daɗin yake, aikin ne yake tafiya ta waya. Sannan sunan da ake kiranka ya danganta da inda ka fito. Bature in ya zo zama a ƙasar talakawa expat ake ce masa, namu in ya je tasu ɗan ci-rani ne ko baƙon haure, ko da digiri biyu ya je.

Wani na kusa da shi kuma, ma'aikacin Abuja da yake kwana a Mararaba ko Suleja. Albashin babban birni, hayar Nasarawa ko Neja. Sai dai shi da lokacinsa yake biyan ratar, ana idar da sallar asuba yana bakin titi yana neman mota, in ya makara minti ashirin cunkoson Nyanya ya haɗiye shi.

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar zai iya?

Irin na su Ferriss, na yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, da wuya. Bizar Fotugal ɗin nan sai ka nuna kana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar duk wata, ta Barbados kuma dala 50,000 a shekara ake so ka riƙa samu, bayan kuɗin biza dala 2,000. Kafin nan ma ga layin ofishin jakadanci. Bature jakarsa kawai yake ɗauka.

Amma mu ai muna zaune ne a ɓangaren arahar tun asali, abin da ya rage shi ne ɗayan ɓangaren, wato kuɗin waje. Ina da wani ƙani, ɗan ƙanwar babarmu, yana rubuta manhaja wa wasu Turawa daga ɗakinsa a Zariya. Lokacin da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, albashinsa a naira ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa ko sisi ba, muka ce shikenan yaro ya haye. Na je wajensa wata rana da yamma na tarar da shi a tsakar gida, kwamfuta a kan turmi an kife, shi yana tsugune yana jan igiyar janareta, an ɗauke wuta ana tsakiyar taro, batirin sola ya ƙare, Baturen yana ta kiran sunansa ta lasifika, akuya kuma ta zaɓi lokacin ta fara kuka. Da ya gama ya lissafa mini, sola da batir, data ta layi biyu don in ɗaya ya ɗauke, abin da ake yanka kafin kuɗin su shigo hannunsa, ga tsadar kaya da ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024 tana cin ribar ta ƙasa.

Amma duk ba wannan ne ya fi cinye shi ba. Baturen da ya koma Chiang Mai ba shi da kowa a can, ba wanda zai buga masa ƙofa. Shi kuwa ƙanina a tsakiyar dangi yake kuma labari ya riga ya zaga cewa da dala ake biyansa. Suna, biki, kuɗin makarantar 'ya'yan yayye, takardar asibitin gwaggo, gudummawar masallaci, abokin firamare da zai fara sana'a. Kuma ba ya ƙi, don shi ma da kuɗin wani kawu ya yi karatun. Littattafan Turawan nan ba su da wannan layi a lissafinsu.

Toh da Hausa me za mu ce mata?

Na ji masu cewa cin rani a zaune, na ji gudun tsada, wani abokina ɗan canji kuma cewa ya yi cin rata, don a wajensa duk abin rata ce tsakanin farashi biyu. Ni cin rani a zaune ta fi kwanta mini, saboda duk Bahaushen da ya ji zai gane ba sai an ƙara masa bayani ba. Na gwada ta a kan Inna, kakar yaron nan na Zariya, da take tambayata wai wane irin aiki ne jikanta yake yi da ba ya fita ko ƙofar gida sai dai ya yi ta magana da allo. Na ce mata Inna cin rani yake a zaune. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce toh in haka ne ka gaya masa damina ta kusa, ya zo ya duba rufin ɗakina.